Garin da na rasa inda zan tofar da goro

Tun ina Kano aka fara karanta mini dokokin Singafo. Ɗan wana da yake karatu a Johor, can kudancin Malesiya, shi ya kira ni ana gobe zan tashi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya hau lissafi: "Baffa, kar ka zo da kilishi, ba za su bari ya shiga ba. Kar ka zo da cingam. In wani ya ba ka saƙo a filin jirgi, ko limamin unguwarku ne, kar ka karɓa." Na ce to, na ji, goro fa? Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke, can sai ya ce, "Cin dai ba laifi ba ne, Baffa. Tofarwar ce." Na yi dariya na kashe waya, na sa Hajiya ta naɗe mini farin goro guda ashirin a jiƙaƙƙen tsumma.

Harkar riɗi ce ta kai ni. Duk wanda ya daɗe a kasuwar Dawanau ya san riɗin da muke aunawa yakan ƙare a Japan ko Sin ko Turkiyya, amma takardun cinikin sau da yawa ta Singafo suke bi. Olam da kowa ya sani, a Najeriya aka kafa shi a 1989 yana fitar da ƙwallon kashu, yau kuwa hedikwatarsa tana can. Indomie ɗin da yaranmu suke kuka a kanta, Tolaram masu hannu a kamfaninta su ma can suke zaune. Ni ba wajen manya irin waɗannan na je ba. Wani ƙaramin kamfani ne da muka shekara uku muna ciniki ta waya, na ga ya kamata mu ga idon juna. Su ne ma suka tsaya mini a kan biza, don mai fasfo ɗin Najeriya ba ya shiga ƙasar sai wani na can ya sa hannu cewa ya san da zuwansa.

Daga Doha muka yi kusan awa takwas a sama. Da jirgi ya fara sauka na leƙa taga, sai na ga teku cike da jiragen ruwa, jere birjik kamar shanu sun zo mashaya, kowanne yana jiran layinsa. Tashar kwantena ta garin ita ce ta biyu a duniya, bayan ta Shanghai. Ina cikin ƙirga su ne aka yi sanarwa da murya mai laushi, irin wadda ake cewa a ɗaura bel da ita, cewa safarar miyagun ƙwayoyi a wannan ƙasa hukuncinta kisa ne. Ba kurari ba ne. Hiroyin da ta haura giram 15, ko wiwi da ta haura giram 500, rataya ce. Kuma mu 'yan Najeriya muna da tabo a wannan fili na Changi: a nan aka kama Iwuchukwu Amara Tochi a 2004, yaro ɗan ƙwallo da bai cika shekara 20 ba, ɗauke da ƙunshin da ya ce an gaya masa maganin gargajiya ne. Obasanjo da kansa ya roƙa a yi masa sassauci. A watan Janairun 2007 aka rataye shi. Ni da ba ni ɗauke da komai sai goro da samfurin riɗi, sai da na sake zuge jakata na duba kowane aljihu.

Filin jirgin kansa ya fi kama da falon attajiri. Kafet ne malale ko'ina, tayar akwati ma ba ta ƙara. Ba mai cewa "Alhaji kawo na ɗauka maka", ba mai tambayar me ka zo mana da shi. Jami'ar kwastan ta buɗe tsumman goron, ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta mayar ta naɗe kamar yadda ta same shi. A waje yaron yana jirana. Ya so ya ja ni kallon ruwan da yake zubowa daga rufin wani gini a nan filin, tsayin mita 40, tsakiyar bishiyoyi, na ce ya bari sai ranar komawa, yanzu ƙafata ta kumbura.

Ƙofar gilashi tana buɗewa zafi ya rufe ni. Mu a Kano mun san zafi, amma namu gasa mutum yake yi, nasu dafa shi yake. Garin kusan a kan tsakiyar duniya yake, ba hunturu ba bazara, gumi ne shekara zagaye. Babbar rigata ta shadda tun ranar farko ta koma cikin akwati.

Direban tasin tsoho ne ɗan asalin Sin, kansa fari fat. Hanyar da ta fito daga filin jirgi bishiyoyi ne suka haɗe kai a samanta, tsakiya furanni, kuma har muka isa masauki ban ji an danna ham ko sau ɗaya ba. Na ce da yaron ya tambaye shi ina motocin garin suka tafi, tunda an ce kowa mai kuɗi ne. Tsohon ya yi wata 'yar dariya. Ashe kafin ka sayi mota sai ka sayi takardar izinin mallakarta, wadda suke kira COE, tun 1990 ake haka. Gwamnati ce take ƙayyade guda nawa za a fitar, a yi gwanjonsu, kuma shekara 10 kawai take yi. A 2023 kuɗin takardar kaɗai ya haura dalar Singafo 100,000, ba a zo maganar motar ba. Ga wasu ƙofofin ƙarfe a saman titi da suke cire maka kuɗi da kansu in ka bi ta ƙarƙashinsu lokacin cunkoso. Na tuna tsakar gidan wani abokina a Nasarawa, motoci bakwai, uku ma ba sa tashi. Tsohon ya ce, "A nan komai an yarda ka yi, in dai za ka biya." Sannan ya gaya mana tsokanar da suke wa garinsu: kalmar Turanci da take nufin kyakkyawa ita ce dai take nufin tara, don haka in aka ce Singafo gari ne mai kyau, an kuma ce garin cin tara ne. Har a jikin riguna ake bugawa ana sayar wa baƙi.

Washegari na makara sallar asuba. Bambancin awa bakwai yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Shekara hamsin da 'yan kai ladan ne yake tashina, a unguwarmu ma ba ɗaya ba, huɗu ne suke rige-rige. A nan na buɗe ido na ga haske a labule, ba abin da nake ji sai hucin iyakwandishan.

Ranar ce kuma goro ya so ya tona mini asiri. Mun fito za mu ofishin abokan cinikin, na ɓare rabi na jefa a baki kamar kullum, muka gangara tashar jirgin ƙasa na cikin gari, MRT. Muna tsaye a bakin layi na hango allo da zane huɗu, kowanne an ja masa jan layi. Ci ko sha a jirgi da tasha, tarar dala 500. Shan taba, 1,000. Shiga da abin da zai iya kama wuta, 5,000. Na huɗun wani ɗan itace ne mai ƙaya, duriyan, wanda suke mutuwar so amma warinsa kamar an haɗa albasa da ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ba a rubuta kuɗi ba, an dai ce kar a gan shi. Na tsayar da muƙamuƙina cak. Bakina ya riga ya cika da ruwan goro da tuƙa. Na duba hagu, na duba dama. Ƙasa tana sheƙi kamar an lashe. Ba lungu, ba gindin bango, ba kwata. Yaron ya matso kusa da kunnena ya ce, "Baffa, haɗiye."

Ruwan dai na haɗiye. Tuƙar ce ta ƙi wucewa. Haka na shiga jirgi da ita a kunci kamar mai ciwon haƙori, tasha shida, ba na iya amsa maganar da yake yi mini sai da ka. Da muka fito sama na juya wa mutane baya, na zaro tishu na zuba a ciki, na naɗe na cusa a aljihun gaba. Daga ranar aljihun nan ya zama kwatata.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan na huce shi ne, a duk tashar nan ba ɗan sanda ko ɗaya. Ba wanda ya kalle ni ma; kowa kansa a sunkuye kan waya. Kyamarori dai suna nan a kowace kusurwa. A kwana shida da na yi, 'yan sanda masu kaki da na gani ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Amma kafin kwana biyu na ga ina tsayawa a bakin titin da ba mota ko ɗaya, ina jiran ɗan koren mutumin nan ya kunnu, ni da nake ratsa titin Murtala da tsakar rana ina ɗaga wa tirela hannu. An riga an san labarin Michael Fay, ɗan Amurka da aka yanke wa bulala shida a 1994 saboda ɓata motocin mutane, Shugaba Clinton ya sa baki, abin da ya samo masa shi ne ragin biyu, aka tsula masa huɗu. Wanda ya ji an daki ɗan Amurka, ai ba sai an gaya masa matsayin ɗan Dawanau ba.

Cinikinmu bai ɗauki awa biyu ba. An ce ƙarfe goma, goma saura biyar suna zaune. Ba doguwar gaisuwa, ba tambayar iyali, takarda ce da alƙalami da maganar yawan danshi da tsakuwa a buhu. Na ɗan ji ba daɗi da farko, daga baya na lura duk abin da suka ce za su aiko kafin la'asar ya iso kafin la'asar.

Daga nan ɗaya daga cikinsu, Musulmi ɗan ƙabilar Malay, ya kai mu cin abinci. Na zaci otal za mu. Sai ga mu a wata babbar rumfa mai fanka a sama, ƙananan shaguna sun fi hamsin a jere, kowanne da tukunyarsa, tebura a tsakiya na kowa da kowa. Irin waɗannan rumfuna sun haura 100 a ƙasar, kuma a nan mai kwat da lebura suke haɗuwa. Na hango tebur ba kowa na nufe shi, sai mutumin ya riƙo hannuna. Akwai ɗan ƙunshin tishu a kai. Wai alama ce, mai wurin ya tafi layin abinci. Tebur na gaba kuwa waya aka ajiye, sabuwa fil, mai ita ko waiwaye ba ya yi. Na daɗe ina kallon wayar nan, har yaron ya ce, "Baffa, kar a zaci wani abu."

Shagon da yake na halal yana da koren tambari daga majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, MUIS, don haka ba sai ka yi ta tambaya ba. Aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa da yaji mai zaƙi. Sai kuma aka dire wani faranti da ya sa na yi salati: tsire ne, wallahi, a tsinke, an gasa a gawayi, ga yankakkiyar albasa da kokwamba a gefe. Satay suke ce masa. Bambancin kawai, gyaɗar da mu muke mayarwa ƙuli mu barbaɗa, su miya suke yi da ita a tsoma, kuma sun cika sukari. Na ci tsinke goma sha biyar ina kushewa.

Mai masaukin namu ya ce kakansa a bakin titi yake tura kurar abinci, lokacin garin duk ƙazanta ne, kogin da ya ratsa shi wari yake. Gwamnati ta yi wa masu tallan rajista, ta gina musu waɗannan rumfuna da famfo da wuta da magudana, ta ba su haya mai sauƙi, sannan ta ce daga yau wanda aka gani a titi ya kuka da kansa. Na ajiye tsinken da ke hannuna. Mu abin da muka saba gani shi ne a wayi gari mota ta zo ta kwashe teburin mai shayi da kaskon mai ƙosai, a ce an tsaftace gari, bayan sati biyu su dawo don ba inda aka ce su je. A can duk dokar da ta ba ni tsoro, in na duba sai na ga an riga an tanadi abin da zai sa a iya bin ta. An hana zubar da shara, kwando yana kowane taku kaɗan. An hana fitsari a lungu, banɗaki mai ruwa yana kowace tasha. An tsauwala kuɗin mota, jirgi yana zuwa duk bayan 'yan mintuna. Mai goro ne kaɗai ba a yi wa tanadi ba.

Da muka gama kowa ya ɗauki tirensa ya kai wurin ajiya, na halal daban, na sauran daban. Mayar da tiren ma doka ce tun 2021. Mai goge teburin wata tsohuwa ce da ta kai sa'ar innata, bayanta ya ranƙwafa, tana jan ƙafa da tsumma a hannu. Na ga irinta da yawa, a wuraren cin abinci da banɗakuna. Na tambaya ina 'ya'yanta. Mutumin ya ce wasu son aikin suke don kar su zauna su kaɗai a ɗaki, wasu kuma dole ce, garin da tsada. Na zaro kuɗi zan ba ta, ya girgiza mini kai, wai za ta iya jin an raina ta. Na mayar aljihu, amma abincin bai ƙara yi mini daɗi ba.

Juma'a muka yi a Masallacin Sultan, unguwar Kampong Glam, inda titunan suke da sunaye irin su Arab da Bussorah da Kandahar da Muscat. Tun 1824 akwai masallaci a wurin, ginin yanzu kuma na wajen 1930 ne. A ƙasan ƙubbar zinaren akwai wani baƙin zobe da ya kewaye ta, daga nesa kamar ado ne na dutse mai tsada. Da aka nuna mini da kyau, gindin kwalabe ne. Lokacin ginin, talakawan da ba su da abin bayarwa su suka tattaro kwalabe, aka jera su a can sama don kowa ya sa hannu. Na fi minti goma ina ɗage da kai.

A ciki sai na ji ni a gida. Sahu ɗaya da Malay da Indiyawa da Larabawa da 'yan Bangaladash. A jikin allon sanarwa na karanta kwanakin mako da harshensu: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Na ce da yaron ai wannan Hausa ce aka murɗe. Gaisuwarsu ma "apa khabar", wato ina labari. Musulmi wajen kashi 15 cikin 100 ne na 'yan ƙasa, kuma sababbin masallatansu da wani asusu ake gina su, wanda tun 1975 ake cirar ɗan abu daga albashin kowane ma'aikaci Musulmi duk wata. Ba mai yawo da kwali a sahu, ba ginin da ya shekara ashirin ba rufi.

A nan na gano dalilin makarata. Masallatan unguwanni lasifikarsu ciki take kallo, don kar a damu maƙwabcin da ba Musulmi ba. Mai son jin kiran salla ya kunna rediyo. Huɗuba kuma daga MUIS take fitowa a rubuce, kuma ba mai koyar da addini sai wanda aka yi wa rajista. Na yi ta juya wannan a raina har dare. Na tuna wa'azin da ake kwana ana yi a kan titinmu, wannan malami ya kafirta wancan, mara lafiya da jariri ba barci. Na san akwai ranakun da na yi fatan a ce akwai mai cewa ya isa. Amma kuma na tuna ranakun da liman ya hau mumbari ya faɗa wa mai mulki abin da ba mai iya faɗa masa, muka fito muna jin an sauke mana kaya. A can ba za a samu na farkon ba, na biyun ma haka.

Ranar Asabar mutumin ya gayyace mu gidansa, hawa na goma sha ɗaya a wani dogon bene cikin ɗaruruwan irinsa. Gidajen gwamnati ne na hukumar HDB, wadda aka kafa a 1960, kuma kusan mutum 8 cikin 10 a irinsu suke zaune. Kar mai karatu ya kawo barikin ma'aikata a ransa: lif yana aiki, fenti sabo, ga filin wasan yara, ga kasuwa da tasha kusa. Mafi yawansu saya suka yi, da kuɗin wani asusun dole da ake zuba kashi 20 na albashin ma'aikaci, mai ba shi aiki ya ƙara 17. Sai dai sayen na shekara 99 ne, daga nan gida ya koma hannun hukuma. Tun 1989 kuma kowane bene yana da ƙa'idar yawan 'yan Sin da Malay da Indiyawa da za su zauna a ciki, don kar wata ƙabila ta ware unguwarta. Ba Sabon Gari ke nan, ba cikin Badala. Ƙasan benen an bar shi fili ba ɗaki, a nan Malay suke shagalin aure, a nan 'yan Sin suke zaman makoki, wani lokacin a mako ɗaya.

Gidan tsaf, ɗaki uku da falo, wanki a soke jikin gora an turo shi ta taga. 'Yarsu ɗaya tak. Da na ce Allah ya ƙaro, matar ta yi dariya ta ce kuɗin lasin ɗin wannan ma ya ishe su. A 2023 lissafin haihuwa a ƙasar bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba. Da na ce nawa goma sha ɗaya ne, sai da ta sa aka maimaita mata.

Bayan shayi hira ta saki. Na lura in zai taɓa gwamnati sai ya rage murya, a cikin falonsa, ƙofa a rufe. Ya ce 'yarsa ba ta da damar ɗaura ɗankwali a makarantar gwamnati, alhali Halimah Yacob ta shugabanci ƙasar daga 2017 zuwa 2023 da lulluɓinta; ma'aikatan jinya ma sai a 2021 aka yarje musu. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai girgiza ni. Ƙasa ta yi ƙaranci, don haka kabari shekara 15 ake ba mamaci. In ta cika a tono ƙasusuwa, a haɗa da na wasu a ƙaramin rami. Na mahaifinsa saura shekara biyu. Ya faɗe shi ne kamar mai maganar ƙarewar haya. Duk da haka da na tambaye shi ko zai koma Malesiya, inda gida da fili suke da araha kuma Musulmi ne da rinjaye, sai ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce 'yarsa tana dawowa ita kaɗai ƙarfe goma na dare, bai taɓa tsayawa a taga ba.

Wurin da ake ɗaukar hoto kuwa, dogayen benaye uku da aka ɗora wa abu kamar jirgin ruwa a ka, da bishiyoyin ƙarfe masu walƙiya da dare, na je na gani, an ɗauke ni, na tura wa yara. Abu ɗaya na riƙe: akwai gidan caca a ciki, baƙo ya shiga kyauta, ɗan ƙasa sai ya biya dala 150 a ƙofa. Kuɗin baƙo suke so, nasu kuma suna tsare shi.

Sai ranar Lahadi na ga waɗanda suke ɗauke da garin. Mun je unguwar Indiyawa sayen tsaraba a kantin Mustafa, sai na tarar da maza dubbai, baƙaƙe kamar mu, zaune a kan ciyawa da gefen titi, wasu suna waya da gida suna share ido. Leburorin gini ne daga Bangaladash da kudancin Indiya, ranar hutunsu ke nan. Sauran kwanaki suna can ɗakunan kwana na bayan gari, gado kan gado, da asuba a kwaso su a bayan akori-kura, a garin da aka hana ni shan ruwa a jirgi saboda tsari. Lokacin korona a 2020, mafi yawan waɗanda suka kamu a ɗakunan nan suke. Mata 'yan aikatau daga Filifin da Indonesiya da Myanmar su ma ranar suke fitowa, su shimfiɗa leda a inuwa su ci abinci tare. Duk wata shida sai an gwada su, wadda aka samu da ciki aikinta ya ƙare. Na yi la'asar kusa da wani saurayi ɗan Bangaladash, tafin hannunsa kamar bayan itace. Da ɗan Turancinsa da ɗan nawa na fahimci gonar babansa aka jinginar aka biya dillalin da ya kawo shi, shekara biyu bai gama fansa ba. Labarin bai yi mini baƙo ba. Na san gidaje a unguwarmu da aka sayar da fili don a tura yaro ko yarinya Saudiyya. Na ba shi goro ɗaya, ya gatsa, ya yamutse fuska, ya rasa inda zai tofar, muka yi ta dariya.

Da yamma muka bi ta wani ɗan lambu, Hong Lim. Yaron ya ce nan ne kaɗai wurin da ɗan ƙasa zai yi zanga-zanga ba tare da izinin 'yan sanda ba. Ko'ina ban da nan, ko kai kaɗai ne da kwali, laifi ne. Ba kowa a ciki sai wani tsoho yana miƙe ƙafa. Jam'iyya ɗaya ce take mulki tun 1959. Yaron, da yake jinin samari ne, ya ce shi dai a ba shi wuta da ruwa da tsaro, a karɓe zanga-zangar. "Baffa, a 1965 aka kore su daga Malesiya, ba mai, ba gona, ruwan sha ma daga Johor ake turo musu. Mu me muka rasa?" Na gaya masa abin da bai sani ba, cewa firaministansu na farko, Lee Kuan Yew, ya zo Legas taron ƙasashen renon Ingila a watan Janairun 1966, Tafawa Ɓalewa ne mai masaukinsa, kuma bai fi kwana uku da watsewar taron ba sojoji suka yi juyin mulki. Na kuma tuna masa ƙasar nan daga gabas zuwa yamma wajen kilomita 50 ce, sulusin Kano zuwa Zariya, mutanenta wajen miliyan 6. Ya ce duk da haka. Ya kawo mini zancen Iswaran, tsohon ministan sufuri da aka ɗaure wata 12 a 2024 saboda karɓar kyaututtuka, tikitin kallon ƙwallo da na tseren mota, har da keke. "Keke fa, Baffa." A nan ban sami abin cewa ba. Bulalar da ake tsoro a can tana hawa sama kamar yadda take sauka ƙasa, kuma na san da yawa daga masu cewa a kawo mana irin mulkin Singafo, bayan wani suke hango mata.

Ranar Litinin da dare na tsaya na kalli ruwan nan mai zubowa daga rufi, na sallami yaron da ɗan abin da ya rage a aljihu, ya kama motar Johor. Da na sauka Kano, tun daga ƙofar fita hayaniya ta tare ni, mutum uku suna jan akwatina, wani yana kirana da sunan da ba nawa ba. Kafin mu kai Kurna an danna ham ya fi sau ɗari. Direbana ya shanye ruwan leda ya sauke gilashi ya wurgar, na buɗe baki zan yi magana, sai ladan ya ɗauki kiran magariba daga dama, wani ya karɓa daga hagu, na manta abin da zan ce.

Bayan kwana biyu Hajiya ta shigo ɗaki riƙe da rigata da za a kai wanki, ɗaya hannun kuma da wasu 'yan ƙulle-ƙullen tishu guda biyar da suka bushe suka yi ja.

"Alhaji, wannan kuma fa? Magani aka ba ka a can?"

Na ce ta zuba a shara. Ta leƙa ta taga ta watsa su bayan gida.